Gawar Baba Kuo da Tururuwan Rumbun Rake

Shekara arba'in Kuo Tien-lai ya yi yana mutuwa a finafinai. An soke shi, an rataye shi, an jefo shi daga bene, sau ɗaya ma an dafa shi a tukunya. Bai taɓa furta kalma a fim ba, sunansa kuwa can ƙasa yake zuwa, bayan na mai kawo shayi. Amma duk wanda ya san harkar a garin Tainan ya san gawar Kuo ba ta taɓa ƙifta ido ba. Da wannan yake taƙama, kuma ba shi da wani abin taƙamar bayansa.

Shi ya sa da Pei-shan, 'yar maƙwabcinsa, ta ce za ta shirya fim irin na da, na ƙato mai rufe fuska yana bin mutane da adda, kuma a tsohon faifai za ta ɗauka, bai bari ta gama roƙo ba ya amince.

Ranar ƙarshe ta ɗaukar fim ɗin suka taru da hantsi a wani tsohon rumbun rake. Faifai ɗaya ya rage, na minti uku. Mai addar zai sari maigadi, wato Kuo, maigadi ya faɗi, kyamara ta matso kan fuskarsa, ido a buɗe, har faifan ya ƙare.

"Baba Kuo, in ka motsa fim ɗina ba shi da ƙarshe," in ji Pei-shan.

"'Yata, ina mutuwa tun ubanki yana rarrafe."

Matarsa Siu-khim ce ta dafa jinin ƙaryar da za a shafa masa, don Kuo ya ce na kanti kamar miyar tumatir yake. Ta haɗa irin na da, mazarƙwaila da jan launi da ɗan kofi, ta shafa masa daga goshi har wuya.

"Ƙara," ya ce.

"Tsoho, tun da na aure ka ba ka taɓa yin zaƙi haka ba."

Mai addar kuwa Liao ne mai sayar da awara, ƙato mai tsoron allura. Ya rusuna ya ba Kuo haƙuri sau biyu kafin ya ja buhun sukari ya rufe kansa. Kyamara ta fara gurnani, Liao ya kai sara, Kuo ya zube kamar an zare masa ƙashi.

Bai daɗe a ƙasa ba ya ji ta farko a bayan kunnensa. Sai ta biyu. Rumbun rake ne, kuma shi da bakinsa ya ce a ƙara. Tururuwa suka hau layi ta wuyansa, suka bi haɓa, wasu suka tsaya shawara a bakin hancinsa. Wata mai ƙarfin hali ta taka gashin idonsa. Kuo ya kafe ido a kan wata ƙusa a rufin, ya ce a ransa, ku ci, 'yan banza, kun zo a makare, an dafa ni a tukunya ma ban motsa ba. Ƙwalla ta taru, ya hana ta gangarowa.

Faifan ya ƙare da ƙaramar ƙara. "An gama," Pei-shan ta ce da murna. "Kun ga tururuwan nan? Ko da kuɗi ba zan same su ba."

Aka tafa. Kuo yana nan kwance.

Liao ya cire buhun, fuska duk gumi. "Addar fa ta katako ce. Goggo Siu-khim, ko na same shi da gaske?"

Siu-khim ta leƙa mijinta, ta ga jijiyar wuyansa tana bugawa kamar ganga. Ta juya ga Pei-shan. "Ina jan ambulan ɗinsa?"

Pei-shan ta dafe kai. Kowa ya sani, wanda ya yi gawa a fim sai an sa masa jan ambulan mai kuɗi a ciki a hannu, don mutuwar ta tsaya a faifai kada ta biyo shi gida. Kuo kuwa bai taɓa tashi ba sai ya ji takardar a tafinsa. Ta tuna da batir da abincin rana da komai, ta manta da wannan.

"Bari in ruga kanti," in ji Liao.

"Kantin yana da nisa," Siu-khim ta ce, ta nemi akwati ta zauna. "Ku bar shi tukuna. Shekara arba'in ina neman ranar da zan yi magana bai katse ni ba."

Pei-shan ba ta jira ba. Ta je ƙofar rumbun, ta yago gefen jar takardar fatan alheri da aka manna tun sabuwar shekara, ta naɗe kwabo a ciki, ta durƙusa ta sa masa a hannu da hannayenta biyu.

Yatsunsa suka rufe. Sai ga gawa a tsaye tana tsalle, tana marin kanta, tana atishawa, ta nufi bokitin ruwa ta tsoma kai. Liao ya yi dariya har ya zauna a kan addarsa ta karye.

Kuo ya ɗago, jan ruwa yana zuba daga gemunsa. "Na ƙifta?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

Ya sa takardar a aljihun gaba ya daddafa ta. "To, ki rubuta sunan tururuwan nan a fim ɗin, sun yi aiki. Amma a ƙasan nawa."