Akwatin da Ya Tsaya a Kaya

Misbahu mai gyaran waya a Talata Mafara mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye yake shan sa. To a safiyar Asabar ɗin nan abin nasa ya ƙaru, ya ɗaure kaya a bayan babur ya kwance, ya sake ɗaurewa, har mahaifiyarsa ta ce in ba zai tafi ba ya shigo ya share mata tsakar gida.

A Maradun ake taron, a shagon Ezekiya mai sola. Samari daga Mafara da Bakura da Maradun kowa ya zo da kwamfutarsa, a jona su da waya, a gwabza wasan yaƙi mutum huɗu-huɗu, a watse kafin la'asar saboda hanya. Sau biyu Misbahu yana makara, duk saboda tsohon akwatin kwamfutarsa, wani ƙaton ƙarfe mai nauyin buhun gero wanda ba ya zama a kan babur. Lukman, shugaban 'yan Mafara, ya faɗa masa ba da wasa ba: in aka fara babu shi, kujerarsa ta zama ta Sufyanu, yaron da ke jiran gurbi, har abada.

Shi ya sa ya je wurin Surajo mai ƙera tagogin alminiyam. Surajo ya yi masa ɗan akwati fari fes, gefe da gefe ragar sauro don iska ta ratsa, ga ƙofa mai sakata, ga marfi da maɗauki a sama. Da yatsa biyu ake ɗaga shi. Misbahu ya kwashe kayan cikin tsohon ya jera a sabon, kuma wallahi tun da yake bai taɓa son wani abu kamar akwatin nan ba.

Matsalar ita ce ƙauyen Kaya da ke kan hanyar Maradun. Gidan Adda, yayar mahaifiyarsa wadda ta goye shi yana jariri, a bakin hanya yake, kuma duk ƙauyen sun san kukan baburinsa. Wanda ya wuce ƙofar innarsa bai tsaya ba, labarin zai riga shi komawa gida. Ya ce a ransa zai yi sallama kawai, ƙafa ɗaya a ƙasa.

Ina! Adda na zaune a zaure tana tsince gyaɗa.

"Misbahu ne? Lale, lale! Sauko mana, ko a kan doki kake?"

Ya sauka, ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya mutan gida, yaya ƙanwata Fatima da ƙafarta, yaya kasuwa, yaya ruwa can wajenku. Yana amsa "lahiya lau" idonsa na kan titi. Bai ankara ba, Hanifa matar maƙwabci ta riga ta kwance akwatin daga babur, don ba a barin baƙo da kaya a waje. Ta ajiye shi a gaban Adda.

Adda ta shafa ragar. Ta buɗe sakatar, ta rufe. Sai ta rufe baki da hannu.

"Wanga nawa ne? Ɗana, wa ya gaya maka ƙudaje sun hana ni sakat da nono?" Ta ɗaga murya. "Hanifa! Ku zo ku ga abin da Misbahu ya kawo mani daga Mafara!"

Kafin ya buɗe baki mata sun cika zauren, wannan ta ɗaga ta ce ba nauyi, waccan ta ce irin na asibiti ne. Adda kuwa hawaye take yi. Ta ce tun da Mamuda ɗanta ya rasu, ba wanda ya sake sauka daga babur da wani abu a hannu yana nufin ta. Ta ɗaga hannu biyu ta shiga sa masa albarka, matan suna amin.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Lukman ne, ya sani. Maganar tana bakinsa: Inna, ba naki ba ne. Kalma biyar kacal, ya ɗauki abinsa ya kama hanya. Ya dubi fuskarta, ya dubi matan da suka riga suka shaida. Haushi ya kama shi, haushin kansa, da na Surajo da ya yi abin da kyau haka, da na duk wanda ya shimfiɗa titi ta Kaya.

"Inna," ya ce, "akwai tarkacen shago a ciki. Bari in kwashe maki."

"Awo, kwashe. Ni dai ragar nika so."

Ya zaro sukudireba ya zauna a ƙasa. Aikin da ya yi a natse a shago, yanzu yana yin sa da gumi a ido. Ƙusoshin ƙanana, ɗaya ta faɗi cikin ɓawon gyaɗa sai da Hanifa ta lalubo masa. Wayar ta sake kuka, ta sake, daga nan ta yi shiru, kuma shirun ya fi damun sa. Ya ciro babban allon cikin kwamfutar, ya ciro fanka, ya ciro abin wuta. Adda ta ba shi babban kwanon samirarta, ta shimfiɗa tsohon zane a ciki, ya jera kayan, ta rufe masa da faifai ta ɗaure da ƙyalle. Yana tayar da babur ya hango ta tana saka ƙwaryar nono a cikin akwatin, tana ja sakatar a hankali.

Bai iya gudu ba. Kwanon na kan tanki tsakanin cinyoyinsa, kowane rami sai ya ji shi a ƙirji.

Tun daga bakin shagon Ezekiya ya ji ƙarar harbi da ihun 'yan Bakura. Ya shiga rungume da kwano. Teburin Mafara cike yake, mutum huɗu, Sufyanu a kujera ta biyu daga taga, ya toshe kunne da abin sauraro, ya sunkuya kamar an haife shi a wurin.

Misbahu ya tsaya a bayan Lukman. Ya yi sallama, ba a ji ba. Ya sake yi.

Lukman ya ɗan waiwayo, ya ga kwano da faifai, bai ko ɗaga ido ya ga mai riƙe da shi ba.

"Madalla," ya ce, ya koma kan allonsa. "Aje furar can baya, sai mun gama."