Kumfa Ta Kai Goro

Ranar da tarzoma ta ɓarke a Sokodé, ma'aikatan masana'antar roba suka watse, suka bar tankin sinadari yana tafasa. Illiyasu kaɗai ya tsaya, ya ƙura wa gilashin tankin ido. In kumfa tana kamar gero, lafiya lau. In ta kai goro, sai a rage wuta nan take.

Matarsa Zuwaira ta faɗo ciki tana haki. "Maigida, motar Dapaong za ta tashi! Tankin banza ya fi 'ya'yanka ne?"

"Kwashe su ku tafi!" ya daka mata tsawa, bai ko waiwayo ba. "Soja yana iya wuce unguwarmu. Wannan in ya fashe, ba gidan da zai tsallake."

Kumfa ta kai goro. Nan take Illiyasu ya rage wuta.