Kakin Zuma a Ƙafar Fijo

Kailu ya tuɓe kayan soja a shekarar da aka mayar wa farar hula mulki, ya dawo Filinge da farar fijo mai ɗaukar mutum tara. Abin da ya fi so a jikinta shi ne jant, ƙarfen nan mai ƙyalli da taya ke zaune a kai. Mutumin da ya saba goge takalmi a bariki har ya ga fuskarsa a ciki ba zai yarda ƙafar motarsa ta yi dauɗa ba.

Sai dai birki ba ya jin oda. Duk zuwa Yamai da dawowa sai ya yi ta taka shi saboda jakuna da shanun Baleyara, baƙar ƙurar da birkin ke fitarwa kuma ta manne a jant na gaba kamar baƙin gindin tukunya. Ya wanke, ya dirza, washegari ta dawo.

Tahiru, makaniken da ke duba masa mota a Yamai, shi ya ba shi dabara. "Akwai wani kaki na gwangwani da ake shafawa. Ƙurar ba ta samun wurin kamawa, ruwa kawai za ka watsa ta bi."

Kailu bai sami na gwangwani ba, amma a ganinsa kaki duk kaki ne. Ran Lahadi a kasuwar Filinge ya tare abokinsa Yero, Bafillace makiyayi da kan zo da zuma daga wajen Sanam, ya karɓi saƙar zumar da aka matse. Ya narka ta a murfin tukunya, ya durƙusa yana shafawa.

Matarsa Dijatu ta leƙo. "Maigida, wanga kaki da sauran zuma cikinai."

"Ke dai tahi ki ji da tuwonki. Aikin mota ne."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma. Jant kuwa ya yi ƙyalli har maƙwabta suka fito kallo.

Kwana biyu bayan haka ya ɗauki dattawan unguwa zuwa suna a Damana, kowa cikin babbar riga. Da rana ta take ya tsaya bakin wata rijiya, ƙarƙashin gawo, don ya ƙara wa mota ruwa. Zafin birki ya riga ya narka kakin, ƙanshi ya tashi. Ƙudan zuma ɗaya ya zo ya zagaya taya. Kafin Kailu ya rufe bakin jarka, dangin duka sun iso.

"Ku ɗaga gilashi!" ya yi tsawa da muryar saje.

Dattawa suka yi ta murɗa hannu suna salati. Shi da ke waje ya zagaya motar da gudu yana kaɗa hula, ɗaya ya same shi a fatar ido. Da ƙyar ya faɗa ciki ya ja mota. Malam Magagi, limamin unguwa, gumi na zuba masa daga rawani, ya ce, "Kailu, mi munka yi musu?"

"Ba ku suke nema ba, Malam. Taya suke so."

Dariya ta ɓarke a motar, har liman na riƙe ciki. A Damana, kafin a watse daga taron suna labari ya gama gari.

Da yamma ya shiga gida da ido ɗaya a kumbure. Dijatu ta dubi idon, ta miƙe. Ta ɗora ruwa, ta tafasa sauran saƙar, ta tace da tsohon kallabi. Da ya huce, kaki ya taso sama fes, zumar ta zauna a ruwa. Ta ajiye masa kakin a gaba tare da tuwo.

Ya kankare jant ya sake shafawa. Ranar da ya dawo daga Yamai ya watsa ruwa buta ɗaya, baƙin ya gangara ƙasa. Ya daɗe tsaye yana kallo.

Direbobin tasha dai sun riga sun sa wa motar suna Amya, kamar gidan ƙudan zuman da ake ratayawa a bishiya. Kailu ya yi fushi na mako guda. Daga baya ya kira mai fenti ya rubuta sunan a bayan motar, da manyan jajayen haruffa.