Injin Niƙan Shemdoe

Wata uku aka ce aron injin niƙan zai yi, kuma Shemdoe ya ƙirga su da yatsa. Ranar da suka cika ya ɗauki hayar akori-kurar Kihiyo, ɗan ƙanwarsa, ya jefa igiya da tsofaffin tayoyi biyu a baya don kada injin ya bugu, suka gangaro daga kan dutse zuwa birni.

Injin nan shi kaɗai ne injin niƙa a Kwemdimu da ƙauyuka huɗu na kewaye. Asalinsa na motar Baturen gandun shayi ne, wadda ta faɗa kwazazzabo tun Shemdoe yana saurayi. Shi ya ciro shi da taimakon shanu, ya ɗora shi a kan gungume, ya haɗa masa bel. Shekara arba'in da ɗaya yana murɗa shi da hannu kowace safiya, ya yi tari sau biyu ya tashi. Duk tuwon ugali da aka tuƙa a yankin ta cikinsa ya bi.

Da mutanen gidan tarihi suka zo neman aronsa, matarsa Makihiyo ta ce kada ya bayar. Ya ce mata me mace ta sani game da inji? Gaskiyar magana kuwa, ce masa aka yi za a rubuta sunansa a allo, sai tsoho ya narke. Ya ba ta tabbacin zai dawo da shi kafin a gama girbin masara. To ga shi an gama, buhuna sun yi tsibi a rumfar niƙa, kowace mata ta ɗaura ƙyallenta a bakin nata.

Jami'in da ya karɓi aron, wani mai suna Lugendo, ya tarye su da fara'a, har da rusunawa. Ya ja Shemdoe ta hannu zuwa babban ɗaki. Can Shemdoe ya hango injinsa a kan dandamali, an kewaye shi da jar igiya, yana ƙyalli kamar ango. Ga allo, ga sunansa ɓaro-ɓaro, ba kuskure ko na harafi ɗaya. Bakin tsoho har kunne. Ya zungure Kihiyo ya ce ya karanta masa da ƙarfi, ko da yake shi ma ya iya karatu.

Sai ya zagaya ɗaya gefen.

Babu gefen. An yanke shi tun daga sama har ƙasa, kamar yadda mahauci ke raba akuya biyu. Fistin huɗu a fili, an shafa wa bakin yankan jan fenti, hanyar ruwa shuɗi, hanyar mai kuma ruwan ɗorawa. Lugendo ya danna wani maɓalli, ƙaramin injin lantarki da aka ɓoye a ƙasa ya fara juya su a hankali, sama da ƙasa, ba ƙara, ba hayaƙi. Yana ta bayani cewa ɗaliban koyon sana'a ne suka yi aikin, mako shida suna zarto, kuma yanzu 'yan makaranta har layi suke yi.

Shemdoe ya sa hannu ya tsallaka igiyar, ya shafa bakin yankan. Santsi, aiki mai kyau, Allah ya isa. Ya tsaya yana neman inda za a iya yin walda, shi da ya san babu.

"Ɗana, aro fa na ba ku," in ji shi.

Lugendo ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce e, takarda haka ta ce, kuma idan Baba ya matsa, kayansa ne, a kwance masa yau ɗin nan.

"Amma Baba, wallahi babu wanda ya zaci da gaske aiki yake yi. Abin da ya girmi ubana?"

"Da kuka zo ɗauka, garin masara ne a jikinsa ko ba shi ba?"

"Mun wanke shi tas, Baba."

Kihiyo ya taso zai yi rigima, tsohon ya riƙe masa riga. Da wa za a yi? Yaron nan Lugendo bai ma san ya yi ɓarna ba, shi gani yake ya karrama su. Abin da ya fi ci wa Shemdoe rai shi ne babu wanda ya ƙwace masa, shi da hannunsa ya kwance notunan, har yana gaya musu ta inda za su kama. Ya ji ya tsani kansa fiye da kowa a ɗakin.

Lugendo ya kawo takardar yabo a cikin gilashi, ya roƙi a yi hoto. Shemdoe ya tsaya aka yi, don bai ga amfanin ƙi ba.

A waje rana ta take. Kihiyo ya buɗe masa ƙofa, ya zauna ya riƙe sitiyari bai tayar ba. Ya ce injin niƙa mafi kusa yana can gindin dutse, tafiyar yini da buhu a ka, kuma yanzu haka matan suna zaune a rumfa suna sauraron ƙarar mota. Ya tambaya me za su ce musu.

Shemdoe ya kifa takardar yabon a kan cinyarsa.

"Bi ta kasuwa," ya ce. "Wajen masu sassaƙa. Turmi nawa bayan motar nan zai ɗauka?"