Rigar Saje

Mai guga ya danna dutsen guga a kan wandon saje kamar wuyan mai wandon ya samu. Sati uku ke nan ma'aikacin kotu yana zarya caji ofis da sammaci, kullum a ce masa saje ya fita aiki. Lauya ta ce in takardar ba ta shiga hannunsa kafin Litinin ba, alƙali zai kori ƙarar.

Mai guga ya yi ƙwafa. A kori ƙara? Bayan idon yayansa ya tsiyaye? Direban bas ne bawan Allah, gardamar lasisi kawai ta haɗa su a bakin titi, saje ya sa masa gindin bindiga a fuska. Sau biyu suna kai koke ofishin 'yan sanda, sau biyu takardar tana ɓatan dabo.

Abin da saje bai sani ba, direban nan uwa ɗaya uba ɗaya suke da mutumin da ya shekara shida yana yi masa wanki da guga. Washegarin abin ma nan ya kawo kakinsa, hannun rigar duk jini. Tun ranar mai guga ke yi masa murmushi, zuciyarsa kuwa kamar garwashi.

Da hantsi sai ga saje a kan babur, yana sakace haƙori.

"Kai, malalaci! Kayana sai na yi ritaya za su fito?"

"Haba, ranka ya daɗe, ga su nan."

Ma'aikacin kotu, da ke kan benci tun safe kamar mai jiran wanki, ya miƙe ya ambaci cikakken sunan saje.

"Ni ne. Lafiya?"

Kafin ya rufe baki takarda ta shiga hannunsa. Ya karanta, ya sake karantawa, tsinken ya faɗi daga bakinsa. Maƙwabtan shago suka fara leƙowa.

"Kai ka shirya min wannan?"

"Direban nan yayana ne," in ji mai guga. "Wallahi sai ka tsaya gaban alƙali ka kalli fuskar nan da ka lalata."

Saje ya fizgi ledar kayan, ya zazzage ta a kan tebur. Wando biyu, singileti, hula. Ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ina rigar?"

Mai guga ya ninke zanen gadon wani, ya shafe shi a tsanake.

"Tana wajen lauya, ranka ya daɗe. Ko ruwa bai taɓa ta ba."