Ɗan Farin Ikilima

A gidan Saminu da ke Daura kowa yana da ta cewa a kan Nagoggo, ban da wadda ta haife shi. Ɗan fari ne, uwarsa Ikilima kuwa 'yar Baure ce, daga gidan da ba a wasa da alkunya. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. In ya faɗi a tsakar gida sai ta ƙara duƙufa kan tukunyarta. Tun ranar yaye Goggo, mahaifiyar Saminu, ta kwashe shi zuwa ɗakinta, har sunan yanka ya ɓace aka koma ce masa Nagoggo. Matan unguwa suna yabon Ikilima, wai irinta sun yi wuya a zamanin nan. Ita dai tana ji, tana kuma kallon ɗanta ta wutsiyar ido.

Yaro ne mai bakin tsiya. Da akuya yake hira, da turmi, da duk wanda ya yi sallama. Yana da shekara uku Saminu ya je kasuwar dabbobi ta Mai'adua, wani abokin cinikinsa ya kunna masa waya ya ji ɗan mutumin yana ƙirge da Turanci. Shi ke nan, barci ya ƙaurace wa Saminu. Kafin sati ya zagayo an sa Nagoggo rabin aji a wata makarantar kuɗi. Goggo ta fi kowa murna. Ita ke goge yunifom, tana cewa angonta likita zai zama, ya zo ya duba mata gwiwa.

Da sassafe mai mashin zai zo ya ɗauke shi da barci a ido. Sai bayan azahar ya dawo, da jinga shafi guda na haruffa. Bayan la'asar Saminu ya shimfiɗa tabarma, ya damƙe ɗan hannun a kan fensir, ana yi ana tsawa, ana sharar hawaye. Tun ana jin surutun yaro har ya ragu. Daga baya in'ina ta shigo.

Wata rana Ikilima ce kaɗai a tsakar gida, Nagoggo ya zo ya tsaya kusa da randa. Ya buɗe baki: "Ru... ru... ru..." Kalmar ta ƙi fita. Sai ya sa hannu ya rufe bakinsa, yana kallonta a tsorace, yana jiran tsawa. Ta ɗebo ruwan ta miƙa masa fuskarta a gefe kamar yadda ta saba, amma zuciyarta ta yi mugun ɓaci. A nan ta ƙudura cewa yaron nan ba zai ƙarasa zangon ba.

Da farko ta bi ta bayan gida. Suna tsince wake da Goggo, sai Ikilima ta kawo labarin wani yaro a Baure, wai an sa shi boko da wuri har bakinsa ya ɗaure. Goggo ta ce, "Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya," ta ci gaba da tsintar wakenta. Ikilima ta kai wa Saminu labarin, shi kuma ya tambayi ɗan gidan wa ne. Yaron Baure dai bai yi mata aikin komai ba.

Ran nan bayan la'asar, an shimfiɗa tabarma, Goggo na kan kujerarta tana jan carbi, Ikilima ta ajiye muciya ta zo ta durƙusa.

"Maigida, a cire yaron nan daga makarantar nan."

Saminu ya ɗago. "Wane yaron?"

"Wannan da ke gabanka."

Carbin Goggo ya tsaya.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji Saminu. "So kike 'ya'yan mutane su wuce shi?"

"Ɗanyen ma in aka matsa masa karyewa yake. Ban ce kada ya yi boko ba. Ni da shekara shida na shiga firamare, kuma ni ke karanta maka saƙo a waya. A bar shi ya yi wasa, bakinsa ya dawo. In ya isa, da kaina zan kai shi. Tambaye shi mene ne wancan a ɗaure, ka ji."

Saminu ya nuna akuyar ya tambaya. Yaron ya yi ta kokawa da kalmar, wuyansa na miƙewa, har ya haƙura ya sunkuyar da kai. Saminu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zare fensirin daga hannunsa ya sa a aljihu, ya ce gobe a sallami mai mashin.

Goggo ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kayan yaron a ƙunshe cikin zane, har da ɗan kwanonsa, ta dire a gaban Ikilima.

"Ashe ɗanki ne. Ni da na goya shi ban gani ba, ke kika gani. To ga shi nan, ki riƙe abinki."

"Goggo, ki yi haƙuri, ba haka nake nufi ba."

Goggo ta shige ta saki labule.

Nagoggo ya ruga ya kama bakin labulen yana kuka. Ikilima ta san kafin magariba labari ya gama unguwa, gobe kuma ya isa Baure: marar kunya ta yi magana a kan ɗan fari a gaban surukarta. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta yi nadama ba. Ta je ta ɗauke shi, ta saɓa a baya ta ɗaure da zane. Ya yi nauyi fiye da yadda ta zata. Yana ta dukan bayanta, yana miƙa hannu wajen ɗakin yana kiran Goggo, a haka ta koma kan tuwonta ta ci gaba da tuƙi.