Wutsiyar MaCele

Devika Perumal ta sa an kwance dawakan lilonmu ranar Litinin. Ina tsaye aka yi.

Ni ne Shezi. Tun ina saurayi nake juya lilon dawakai a wurin wasan nan na bakin teku a birnin Thekwini. Na yi wa Baturen da ya kafa wurin aiki, na yi wa Perumal da ya saya daga hannunsa, yanzu ga 'yarsa. Dawakan na katako ne. Gishirin teku da gara sun cinye cikinsu. Bara ƙafar ɗaya ta karye da yarinya a kai, masu dubawa suka ce ko a gyara ko a rufe.

Devika ta tara mu, mu tsofaffin wurin. Ta ce za a sa sabon inji, a jera sababbin dawakai na roba, kamarsu ɗaya da namu har fentin ido. Tsofaffin kuma a ajiye su cikin gilashi a bakin ƙofa.

Na ce, "Wutsiyoyin fa?"

"Za su koma kan sababbin, Baba Shezi. Sai da na yi faɗa da injiniya kafin ya yarda."

Wutsiyoyin nan ba na doki ba ne. Idan ma'aikacin wurin ya mutu, danginsa suka yanka masa saniya, sai su kawo mana wutsiyar. A shanya ta, a ɗaura wa doki ɗaya. Daga ranar dokin ya zama nasa. Iyalinsa kan zo su riƙe wutsiyar su ba shi labarin gida, yaransu su hau kyauta. Kowa ya san dokin mamacinsa.

Matata MaCele ta sayar da alawar auduga kusa da lilon har ƙafafunta suka gaza. Da ta rasu, jar saniya na yanka mata. Dokinta shi ne mai shuɗin sirdi da guntun kunne. Kullum kafin in tada inji sai na taɓa wutsiyar na ce, "Ga ni, tsohuwa."

Ranar Laraba Devika ta kira ni ɗakin ajiya, fuskarta cike da murna.

"Zo ka ga abin da na yi muku."

Wutsiyoyin na rataye a igiya ɗaya kamar shanya. Farare tas, an taje su. Ta ce sun yi dauɗa da hannun yara da man inji, injiniya ya ce ba za a mayar da su haka ba. Sai ta sa 'yan kwangila suka cire su duka, suka jiƙa a baho ɗaya da maganin da mata ke wanke fararen kaya da shi.

Na ce, "Wacce ce ta wane doki?"

Ta dube ni. Ta dubi igiyar.

"Ai kai ka san su."

"Da doki na san su."

Ta sa hannu ta rufe bakinta. A gabana aka haife ta, ta sha alawar MaCele har haƙoranta suka ruɓe. Ban zage ta ba. Na ce ta ba ni makullin ɗakin.

Ranar Asabar za a buɗe lilon. Ranar kuma 'yata Zodwa za ta taso daga garin Eshowe da jaririnta, ta nuna shi ga kakarsa. Ciki biyu ta rasa kafin wannan ya tsaya. Tun bai fito ba ta yi wa uwarta alkawarin kawo shi.

Na sauke wutsiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Na shaƙa, warin magani kawai. Na buɗa gashin har tushe ina neman ja. Biyar na samu da ɗan ja-ja a gindi. Mutanenmu suna son yanka jar saniya. Na tuna da jar waya na ɗaure tata, na duba, sun yanke tsofaffin ɗauri sun sa wa kowace baƙar roba iri ɗaya. Tata ta fi sauran tsawo. Sun daidaita bakinsu da almakashi don su yi kyau.

Na hau tasi na bi shugaban 'yan kwangilar har shagonsu. Na same shi yana cin burodi da wake.

"Da wane doki kuka fara cirewa?"

"Wa zai tuna, Baba?"

"Ka tuna."

"Haba, Baba. Gashi ne fa."

Na cafki kwalarsa. Mutanensa suka ɓamɓare ni suka raka ni bakin titi. Ɗaya ya miƙo mini hulata.

Devika ta kawo hotunan da ta tattaro daga wayoyin mutane. Ga dokin, ga jar wutsiya tana lilo a bayansa, ga MaCele kanta a wani tsohon hoto tana dariya da alawar auduga a hannu. Ba su gaya mini komai ba. Na ce ta kwashe.

Bhengu, mai tuƙa jirgin ƙasan yara, ya leƙo ya same ni zaune a ƙasa da wutsiyoyin biyar a gabana. Tare muka tsufa a wurin.

Ya ce, "Tsoho, ka koma boka? Duba mini ko zan samu mata."

"Fita."

"Ka ɗauki ɗaya mana. Su can lahira sun san junansu, za su raba kayansu da kansu."

"Cikin biyar ɗin nan akwai ta marigayi Zungu."

"Zungu mashayi? To ka kauce wa wannan, kada jikanka ya taso da kwalba a hannu." Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "Ta ƙanena ma ja ce. Ni na haƙura, Shezi. Lilo ɗaya ne. In ya juya duk za su wuce ta gabanka."

"Kai ka haƙura."

Da safiyar Juma'a na rufe ƙofar ɗakin, na rataye biyar ɗin, na kunna impepho, ganyen da muke turara wa magabata in za mu yi musu magana. Na durƙusa. Gwiwoyina sun daɗe da daina son ƙasa.

Na ce, "MaCele, ni ne. Ban taɓa roƙonki komai ba tun kina raye, kin sani. Yaron Zodwa na zuwa gobe. Ki motsa. Ko gashi ɗaya."

Na jira har hayaƙin ya cika ɗakin. Iskar teku ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Duka biyar ɗin suka motsa tare.

Asabar ta yi. An jera sababbin dawakai, suna ƙyalli, fitilu suna canza launi, kiɗan yana fitowa daga wani ɗan akwati. Sabon injin ba ya tari ba ya hayaƙi. Ba zan ce ba shi da kyau ba. Devika ta kira iyalan sauran mamatan ta gaya musu gaskiya. Wasu sun yi kuka, wasu sun ce a ɗaura duk wadda ta samu. Bhengu ya ɗaura musu farare. Saura dawakai biyar, wato na masu jar saniya, kowa yana jira in fara zaɓa.

Na tsaya gaban mai shuɗin sirdi. Har guntun kunnen sun kwaikwaya. Mutane sun taru a bakin ƙofa, yara suna girgiza ƙarfen ƙofar. Wayata ta yi ƙara. Zodwa ce.

"Baba, mun wuce gadar Thukela. Yaron ya sha ya ƙoshi. Ka gaya wa Mama muna tafe."

Na ce to.

Devika ta zo da wutsiyoyin biyar a kan hannuwanta kamar mai ɗauke da jariri. Idanunta sun kumbura.

"Baba Shezi, laifina ne, ka ɗora mini har in mutu. Amma ka zaɓi ɗaya. Wataƙila ma ka dace."

Bhengu ya ce, "Kada ka bar yarinyar nan ta yi doguwar tafiya ta tarar da doki babu wutsiya. Ba za ta sani ba, tsoho. Ni ba zan faɗa ba."

"Ni ma," in ji Devika. Ta zaro ɗaya ta miƙo mini. "Ga wannan. Ta fi ja."

Na dubi ramin da ke bayan dokin. Na mayar da hannuwana baya.

"Ba zan nuna wa jikana mamacin wani in ce kakarsa ce ba. Ba zan ɗaura ba."